Matar da ta hana fil shiga ido

Ƙarfe bakwai da rabi take shigowa, kafin mai shara ya gama da matakala. Ba ta doguwar gaisuwa. Ta rataye jakarta a ƙusar bayan ƙofa, ta ture tagar nan mai ƙara, ta share teburinta da gefen hannu ko da babu komai a kai. Sannan ta jera kayan aiki: almakashi babba, almakashi ƙarami, rular ƙarfe, kwalbar gam, da wani dogon guntun kwali mai tsaga biyu wanda ya yi baƙi don yawan taɓawa. Shayinta a bakin taga yake hucewa. Shekara ashirin da shida ban taɓa ganin ta sha shi da zafi ba. Daga nan sai ta ɗebo hotunan mawaƙan watan, ta riƙa ɗaga su ɗaya bayan ɗaya ga haske, tana yi musu kallon mai zaɓen suruki.

Ita ce mai tsara shafukan mujallar nan da ke hannunku. Inda hoto zai zauna, inda kan labari zai karkata, launin da zai hau kan wani launi, duk daga teburinta suke fitowa. Mu na ƙasa, ɗakin inji, Yaya muke ce mata. 'Yan ofis na sama suna ce mata Mai Almakashi. Ku kuwa ba ku ce mata komai, don ba ku san da ita ba.

Ni ne mai injin ɗinki. Fil biyun nan na tsakiyar mujalla, waɗanda kuke miƙewa da farce ko bakin cokali in za ku cire fosta, ni nake buga su. Aji uku na yi a makaranta na fita neman abin kaina. Ni ba marubuci ba ne, kuma ba na neman afuwar kowa a kan haka.

Ƙarshen watan nan Yaya take ajiye aiki. Idonta ya gaji. An yi taro a sama, an ware shafi huɗu don a sanar da ku sabuwar fuskar mujalla, babu layi ɗaya a kanta. Ɗan maigida, wanda ya karɓi ragamar wurin bayan rasuwar mahaifinsa, ya ce zamanin almakashi ya wuce, ita da dokokinta za su tafi tare. Na hau sama da tawada a hannuna na ce ina son wuri in yi magana a kanta. Ya duba takardarsa, ya yi 'yar dariya, ya ce, "Baba, ko'ina a cike yake. Sai bayan fosta, in kana so. Can dai ba mai karantawa, bango yake kallo."

Na ce ina so. To ga ni a bayan fosta. Ku ajiye gam ɗin tukuna.

Abin da ɗan maigida bai gane ba, kuma har yau ban tabbata ya gane ba, shi ne mujallar nan ba mutum ɗaya ke sayen ta ba. Akwai wani tsoho mai teburin jarida a ƙofar wata makaranta, shi ya ba ni wannan labari, ba ita ba. Ya ce ranar da sabuwar fitowa ta iso, Yaya takan zo da rana ta zauna a bencinsa kamar mai jiran mota. Ba ta sayen komai, ba ta ce wa kowa ita ce. Kallo kawai take yi. Abin da take gani kuma shi ne yara uku ko huɗu su haɗa hannu su sayi ɗaya, su tsuguna a gindin katanga su raba ta tun ba su kai gida ba. Wannan ta ɗauki fosta. Wannan ta yanke baitocin waƙa. Wancan ya ɗauki shafin tambayoyi, irin wanda ake cewa ka amsa ka ga wane mawaƙi kuka yi hali ɗaya. Na ƙarshe ya tafi da bangon mujallar. Tsohon ya ce, "Shekara da shekaru ban taɓa ganin sun yi faɗa wajen rabo ba. Na ɗauka tarbiyya ce. Ashe matar nan ce take raba musu tun daga ofis."

Haka ne. Duk abin da ta san za a yanke, ba ta sa masa abin so a bayansa. Bayan fosta talla take sawa, ko sanarwar ofis, abin da in ya manne a bango babu mai kukan rashinsa. Bayan baitocin waƙa jerin abin da ke ciki. Baitocin kuma ta zagaye su da layin ɗigo-ɗigo, ga hoton ɗan almakashi a kusurwa, girmansu daidai cikin littafin rubutu na makaranta, yadda za a ɓoye su tsakanin lissafi da tarihi. Kada ku ce ba ku yi ba. Iyayenku ma sun yi.

Kwalin nan mai tsaga biyu kuwa a gabana aka yi shi. Shekararta ta farko ce. Wata yarinya ta zo har ƙofar gidan buga mujalla da fosta a naɗe, ta warware ta a gaban marigayi maigida, ta ce, "Kun tsokane masa ido." Gaskiya ne. Hoton wani mai gita ne, fuskarsa ta faɗo daidai ninkin tsakiya, fil ɗina ya huda masa ido ɗaya, ɗayan ya huda haɓa. Maigida ya yi dariya ya ba ta wata. Ita ma haka take, tunda inji ɗaya ya buga su. Yaya ba ta yi dariya ba. Ta yage gefen wani kwali, ta sauko ƙasa, karo na farko da na ga wani daga sama ya tako ɗakinmu ba don faɗa ba, ta ce, "Ƙanena, nuna mini inda injinka yake cizo."

Na nuna mata. Ta yi tsaga biyu a wurin. Tun daga ranar, babu hoton tsakiya da ya bar teburinta ba ta ɗora masa kwalin nan ba. Ta matsar da mawaƙi hagu, ta ɗan karkata shi, ta ƙara masa girma ko ta rage, har sai ninki ya bi ta kafaɗa, fil ya faɗa cikin gashi ko riga ko sararin baya. Ku je ku ɗauko tsofaffin fostocin yayyenku ku ɗaga su ga haske. Ku nemi huji a fuska. Ba za ku samu ba.

Ana ce mata shafukanta hayaniya ne. Marigayi maigida da kansa yakan tsaya a kanta ya ce, "Wai me ya sa komai naki a karkace yake kamar motar da aka yi wa lodi gefe ɗaya? Rawaya a kan hoda, ga tauraro yana fashewa, ga kibiya tana nuna wata kibiyar. Ido ina zai sauka?" Ta ce, "Ranka ya daɗe, kai daga layin farko kake farawa. Ɗan shekara sha huɗu ta taga yake shiga shafi. Ni tagogi nake buɗe masa, duk wadda ya faɗo ta ciki ya samu abin ci." Ya girgiza kai ya tafi. Mutum ne mai faɗa amma ya san inda iliminsa ya tsaya.

A shafin wasiƙu, inda kuke aiko da hotunanku, kowa da'irarsa ɗaya, girma ɗaya. Edita ya taɓa kawo mata hoton 'yar wani abokinsa, an ɗauka a gidan hoto mai fitilu, ya ce a ɗan ƙara mata girma. Yaya ta ɗora murfin kwalbar gam a kai, ta zana, ta yanke, ta miƙa masa ragowar. Ta ce, "Ga sauran, ka kai wa babanta ya sa a firam." A watan ne kuma wani ya aiko da hoto wuyan rigarsa a yage. Na gan ta tana matsar da murfin nan sama kaɗan kaɗan har yagewar ta fita daga da'ira. Shi bai sani ba. In yana karanta wannan yanzu, babban mutum ne, wataƙila da 'ya'ya. To ka sani yau.

Zan faɗi nawa, tunda ba na ɓoye-ɓoye. Na zo wurin nan ina da shekara ashirin da takwas, ina da mata da ɗiya, ban iya karanta layi biyu a jere ba. Lokacin hutun rana nakan ɗauki shafin baitoci da inji ya ɓata, in koma bayan tarin takarda. Waƙoƙin na san su a kunne daga rediyo, sai in bi su da yatsa, abin da baki ya sani ido ya koya. Wata rana na ɗago kai na gan ta a matakala. Ta juya ta koma. Fitowa ta gaba baƙaƙen baitoci sun ƙara girma, an ba kowane layi wurin numfashi. Edita ya yi ta mitar ana cin wuri. Ba ta rage ba har yau. Bayan shekaru na tambaye ta ko don ni ta yi. Ta ce, "Kai wa? Akwai dubu irinka, kai dai ne ka fi kusa. Matsa mini daga haske."

Yaya, ke ce kika koya mini karatu ba ki taɓa zaunar da ni ba. Ke ce kika san mutuncin wanda bai biya kuɗin mujalla shi kaɗai ba. Almakashi mai yanka ba ɓarna. Na san ba ki son irin wannan magana. Ki yi haƙuri, yau ba teburinki ba ne.

Kada wani ya ce muku tsoron kwamfuta take yi. Ƙarya ne. Tana da shekara hamsin ta zauna ta koye ta, tabarau biyu a hanci, har ta fi wanda ya koya mata sauri. Abin da ba ta bari ba shi ne, in ta gama a kan gilashin kwamfutar sai ta fitar da shi a takarda, girmansa na gaske, ta ninke, ta ɗora kwalinta. Ta ce ba a manna gilashi a bango.

Wata huɗu da suka wuce ɗan maigida ya ce shi zai tsara fitowar watan da kansa, a ga bambanci. Wannan fa mutum ne da ya yi rarrafe a ƙarƙashin teburinta yana cin gam. Ya je ya yi karatu mai zurfi, ban raina masa ba. Ya sa aka ba ta aikin jera tsofaffin hotuna a ɗakin ajiya. Ta tafi. Nasa tsarin ya fito fari tas, komai a miƙe, baƙaƙe ƙanana masu launin toka kamar takardar cikin kwalin magani. Ba zan yi ƙarya ba, in ka riƙe ta gaba ɗaya a hannu tana da kyau.

Da azahar aka turo mini tarin, an riga an buga, ɗinki kawai ya rage. Na ɗinka guda ɗaya na buɗe tsakiya. Fuskar wata mawaƙiya ce ta cika shafi biyu, ta ɗan karkata kai, ninki ya ratsa ta ido. Fil na sama yana zaune a tsakiyar ƙwayar idon. Na juya baya. Baitocin waƙarta ne, waƙar da kowa yake jira. Na kashe inji.

Ba a yi minti goma ba ɗan maigida ya sauko.

"Baba, me ya samu injin?"

"Lafiyarsa ƙalau."

"To me ya sa ya yi shiru?"

"Ni na kashe shi."

Ya kalli agogo. Ya ce, "Motar rarrabawa ƙarfe huɗu za ta tashi. Aikinka ɗinki ne, ba zane ba."

Na ce, "Na sani. Shi ya sa ba zan ɗinke idon 'yar mutane ba."

"Takarda ce fa, Baba. Hoto ne."

"A nan takarda ce. Gobe a ɗakin wata, ita ce take kallon ta in ta farka."

Ya ce in ba zan kunna ba akwai masu kunnawa da yawa a waje. Na nuna masa maɓallin, na ce kore ne, ba wuya, ya dai kula da yatsunsa.

Wani ya je ya kira Yaya. Ta sauko da ƙurar ɗakin ajiya a gwiwar hannu. Na ɗauka za ta goya mini baya. Ina. Harara ta ta yi, ta ce, "Kan dutse, kana da 'ya'ya uku a makaranta, kana wasa da aikinka." Sannan ta karɓi samfurin, ta miƙe fil da farcen babban yatsa kamar yadda kuke yi, ta zare fosta, ta ɗaga ta ga taga. Haske ya fito ta hujin fil a idon mawaƙiyar. Kowa a ɗakin ya gani. Ta juya bayan, ta ce, "Ɗana, wa zai ɗauki waƙar?"

Ya ce, "Wanda ya saya mana, Inna."

Ta ce, "Su huɗu ne suka saya."

Bai gane ba, kuma ba ta tsaya yi masa bayani a gaban ma'aikatansa ba. Ta shimfiɗa hoton, ta bi ninkin da yatsa, ta ce mini, "Kan injinka yana matsawa?" Na ce yana matsawa. Ta ce, "Na sama ka ɗaga shi yatsa uku, ya shiga gashi. Na ƙasa ka saukar da shi yatsa biyu, ya kama wuyan riga." Na kwance, na matsar, na ɗaure. Mota ta tashi ƙarfe huɗu da kwata. Idon ya tsira. Baitocin kuwa ba yadda za a yi da su, tawada ta riga ta bushe.

Bayan kwana uku tsohon mai teburin jarida ya zo da kansa, abin da bai taɓa yi ba. Ya ajiye wa ɗan maigida rabin fosta biyu a kan tebur. Ya ce 'yan mata biyu ne, ƙawaye tun suna ƙanana, ɗaya tana son hoton, ɗaya tana son waƙa, suka ja har ta yage, kowa ta tafi hanyarta tana kuka. Ya ce, "Ni jarida nake sayarwa, ba rabon faɗa ba. Me ya samu matar da take zama a bencina?"

Litinin aka mayar da Yaya teburinta. Ba wanda ya ce mata yi haƙuri. Ni kuma aka ba ni takardar gargaɗi don na tsayar da inji. Ni na karanta ta da kaina, daga sama har sa hannu, ba wanda ya karanta mini. Wannan ma aikin Yaya ne. Takardar tana nan a manne jikin injina, kuma in gobe aka sake kawo mini fuska a bakin fil zan sake kashewa, su rubuto ta biyu, akwai wuri a gefenta.

Shekaranjiya ta sauko ta miƙa mini kwalin nan mai tsaga biyu. Ta ce, "Riƙe. A sama za su share shi da shara." Na buga masa ƙusa a saman inji. Jiya da safe sai ga ɗan maigida, yana ta kewaye-kewaye, yana tambayar lafiyar man inji da wayar fil. Can ya ce, "Baba, ɗan ara mini kwalin nan in duba wani abu." Na ce ba ya fita daga ɗakin nan, mai so ya zo da rularsa. Ya tsaya yana kallo na. Ya hau sama. Ya dawo da rula, rularta ce ma ta ƙarfe, ya tsaya a kan akwati ya auna tsaga biyun, ya rubuta a tafin hannunsa. Bai ce na gode ba, ni ma ban ce sannu ba. Amma ya auna. Na gani, masu ninki sun gani.

Da ta ji inda za a buga wannan rubutu nawa, dariya ta yi har ta cire tabarau. Ta ce, "Daidai ne. Can ne wurin abin da ba a kukan rashinsa. Amma kan dutse, surutunka ya yi yawa, sai an ƙanƙanta baƙaƙe kafin ya shiga. Ka karya mini doka." Na karya, Yaya, sau ɗaya a shekara ashirin da shida. Amma a kan wurin kin yi kuskure, shi ma ɗan maigida ya yi. Bangon mujalla yakan yage a mako biyu. Shafin tambayoyi da an cika shi an gama da shi. Sauran a naɗe kaya da su ko a hura wuta. Takarda ɗaya ce a mujallar nan take yin shekaru a ɗaki, ita ce wannan. Ranar da mai ɗakin ya girma, ya zo tashi, ya ɓamɓare mawaƙin da ya daina so, ke zai tarar a baya. Dama can nan kike.

Na gode, Yaya. Masu inji sun gode. Yaran da suka raba mujalla huɗu suka tashi ba a ɓata ba sun gode, ko ba su sani ba. Allah ya huta miki da idon nan, ya sa ki sha shayi da zafinsa.

Ku kuma, duk aikin da kuka tsinci kanku a ciki gobe, ku sauko ƙasa ku tambayi inda inji yake cizo. Ku je ku zauna a benci ku ga hannun da abinku yake faɗawa. In kun gama karantawa, ku juya takardar nan ku ɗaga ta ga haske. Wannan ce fostarta ta ƙarshe. Huji biyu ne, ɗaya a gashi, ɗaya a kafaɗa. Daga wata mai zuwa ku ne masu dubawa. Ranar da kuka ga fil a fuska, ku naɗe ta ku kawo ƙofar ƙasa, ku ce a kira muku mai injin ɗinki. Yanzu ku shafa gam ɗinku.